Jan Ƙarfen da Na Goge a Ingila

Rubuta, Indo, tunda ke ce mai alƙalami a gidan nan. Amma yadda na faɗa za ki sa, kada ki gyara mini baki.

Abin da na fara gani a ƙasar Ingila numfashina ne. Na sauko daga jirgi, na buɗe baki zan yi bisimilla, sai ga hayaƙi na fita daga bakina kamar wadda ta haɗiyi garwashi. Na yi maza na rufe. Shekarar da fari ya cinye shanun Fulani ce, na baro Bungudu ƙasa na ƙuna, na sauka inda ruwa ke daskarewa a kan hanya.

Abu biyu suka kai ni. Na ɗaya ke ce. An haife ki can, uwarki Rabi yarinya ce ƙarama 'yar Tsafe, tata uwar ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Na biyu saƙon kakanki ne, Malam. Maƙerin fari ne shi, munduwa da zobe da awarwaro na jan ƙarfe yake yi, shekara talatin yana ƙerawa ni ina gogewa. Tari ya kama shi tun kaka, ƙafafu suka kumbura. Ya ce da ni, "Ki tai ki yi ma yarinya wanka, ki taho mini da shi. Shekara huɗu ke nan. Ina son in gane shi da idona kafin a ɗauke ni."

To, shi wanda za a taho da shi, babanki ne, kuma ɗan farina ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau da nake miki magana. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kwatarkwashi, can ya girma. In ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. In ina da magana da shi, wani nake faɗa wa a gabansa, ya ji. Haka na tarar ana yi, haka na yi. A gida wannan ba ya ciwo, don akwai mutane cike da tsakar gida. A Ingila na san yana ciwo.

A babbar tashar jirgin ƙasa ta birninsu aka fara koya mini hankali. Babanki ya zaunar da ni a benci da kayana, ya tafi yankar tikiti. Mutane na ta wucewa kamar tururuwa, ba mai kallon kowa. Can sai ga wani baƙin mutum kamarmu, cikin kwat mai kyau. Ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya." Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Ya nuna inda babanki ya bi, ya yi alamar an aiko shi, ya ɗauki babbar jakar. Har da sa masa albarka na yi. A cikinta akwai gero, da kanwa, da yajin jego, da daddawa, da ganyen runhu da na shanya don wankan. Babanki ya dawo, ya dubi wurin da jakar take, ya dubi sama, ya ce wa iska, "Ko ina jakar Inna ta shiga?" Ni ma na ce wa ginshiƙin tashar, "Wanda aka aiko ya ɗauka." Ya yi gudu nan, ya yi gudu can, ya dawo. Muka shiga jirgi. Wuni guda muna fuskantar juna, ba wanda ya ce uffan.

Garin da yake karatu can arewa yake, garin hayaƙi, gidaje duk iri ɗaya a jere kamar haƙora. Ɗaki biyu suke haya a saman bene. A ƙasa mai gidan ce, wata tsohuwar Baturiya gwauruwa, ita da kyanwarta. Sunanta ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa ce mata Mai Kyanwa.

Na yi wa Rabi wanka da abin da ya samu. Buta-buta nake dafa ruwan a murhun gas ina juyewa a baho, kafin na biyar ta tafasa ta farko ta huce. Tururi ya ɓamɓare takardar da suke mannawa a bango. Mai Kyanwa ta hau sama tana faɗa, ta leƙa, ta ga Rabi zaune ja wur cikin tururi, ta gan ki kwance kamar ɗan tsako. Ta juya ta sauka. Jim kaɗan sai ga ta tana nishi, ta kinkimo wata ƙatuwar tukunya da suke dafa wanki a ciki. Ta dire, ta juya. Da ita muka yi arba'in.

Amma wanka sau biyu ne a rana, sauran ranar fa? Rabi ta yi barci, ke ki yi barci, babanki ya fita tun da duhu. Sai ni da taga. Rana ba ta fitowa, sai dai gari ya yi fari-fari kamar tsohon zane, kafin la'asar ya koma. Ba kiran salla, ba carar zakara, ba ƙarar turmi, ba mai cewa ina kwana. Mai kawo madara na taɓa gaisarwa ta taga, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Har gabas sai da ta ɓace mini. Babanki ya kawo wani ɗan abu kamar agogo, mai allura a ciki tana rawa, ya aje a ƙasa, ya ce, "Rabi, faɗa wa Inna alƙibla ta wajen kusurwar can take." Ina tsaye a wurin. Rabi ta juyo ta faɗa mini. Mutum biyu ne kaɗai ke jin Hausa a duniyar da nake gani, ɗaya mai jego, ɗaya ba na iya yi masa magana. Kyanwar nan ta sha labarin Bungudu, ta san sunan kowa a unguwarmu.

Aka yi arba'in. Wasiƙa ta zo daga gida, Rabi ta karanta mini: Malam ya daina fita maƙera, a zaune yake kwana. Na ce, "Rabi, shi wanga aiki nasa, mi yake yi ne, kuma yaushe zai ƙare?"

Ta yi dariya. "Inna, ƙarfe yake dafawa cikin ruwa."

"To gado ne. Ubansa da wuta, shi da ruwa."

"Ya ce ya gama dafawar ma. Aunawa ta rage, sai rubutu. Wata uku, mu tafi gida gaba ɗaya."

Wata uku. Na riƙe wannan a raina kamar carbi.

Ana nan sai sanyi ya fasa famfon ruwa a ginin da yake aiki, ɗakin ya jiƙe. Ranar ya dawo rungume da gwangwanin biskit, ya ɗora a kan kabad, ya yi wa Rabi magana da Turanci, don sun saba da hakan in suna sauri. Na ga yadda ya riƙe gwangwanin, kamar yadda ake riƙe jariri. Na so in tambaya. Da a ce ƙanensa ne, da na ce kai, mene ne wannan? Amma shi ne. Rabi kuma ranar kina ta kuka, na ce bari sai gobe.

Washegari ta ɗauke ki zuwa awo asibiti. Gida ya yi tsit. Na hau kujera na sauko da gwangwanin. A ciki, ƙananan faranta ne na jan ƙarfe, kowanne kamar tafin hannun yaro, sun fi sittin, kowanne naɗe a takardarsa da rubutu. Na warware ɗaya. Bayansa ja ne, na gane shi nan take, jan ƙarfe ne mai kyau. Amma fuskar ta dushe, ta yi toka-toka, wani ma har da baƙi-baƙi. Na warware na biyu, haka. Na uku, haka. Na ce, wayyo, danshin ƙasar nan ya ɓata wa yaron nan aiki. Ga shi za a auna, wa zai kai wa malaminsa kaya haka? A gidanmu ba a fitar da aiki sai na goge shi. Malam kan ce shi ke ƙira amma ni ke sayarwa. Na ce a raina, ga abin da zan iya. In na ɗauke masa gogewa, ko mako ɗaya na rage masa, mako ɗaya ne Malam zai samu.

Akwai tsamiya a gidan, daga kantin wani Ba'indiye muke saye. Na jiƙa ta. Na kwaso toka a murhun gawayin ɗakin. Na shimfiɗa zane a kan matakala inda haske ya fi, na zauna, na soma. Abin ya yi tauri, ba irin dattin da na sani ba ne. Mai Kyanwa ta fito, ta tsaya ta kalle ni ina fama. Ta koma ta dawo da wani soso na waya mai laushi da suke wanke tukwane. Ta gwada a ɗaya, sai ga ja ya fito. Ta yi dariya, na yi dariya. Ta jawo kujera ta zauna. Ita ta kankare, ni in bi da tsamiya da toka, in ɗauraye, in share. Tana ta zuba da harshenta, ina ta zuba da nawa. Ta yi wata waƙa, na yi mata ta niƙa. Ta dafa shayi muka sha. Indo, tun da na sauka ƙasar nan ban yi wuni mai daɗin wannan ba. Takardun kuwa na tattara su wuri guda na ninke, don kada su ɓata.

Na jera su a kan tebur, layi-layi. Ɗakin har ya yi haske.

Rabi ce ta fara shigowa. Ta tsaya a ƙofa da ke a kafaɗa, ta ce, "Inna." Babanki na biye da ita. Ya dubi tebur. Ya dubi gwangwanin a buɗe, ya dubi takardun a ninke. Bai cire kwat ɗinsa ba. Ya ɗauko abin nan mai allura na alƙibla, ya ɗauki faranti ɗaya ya kai kusa. Allura ba ta motsa ba. Ya aje, ya ɗauki wani. Ba ta motsa ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe, mu muna tsaye. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani guda da ya fita da shi da safe, mai toka-tokan nan. Ya kai kusa. Allurar ta juyo ta bi shi kamar akuya ta ga dusa.

A nan na gane. Ba wanda ya faɗa mini.

Ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Rabi, faɗa wa Inna an gode. Ta sha aiki."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku abinci bai wuce mini ba. Mai Kyanwa ta hau da wata waina-waina tata, ta ga fuskokinmu, ta aje ta sauka, ba ta sake yin waƙa ba. Ran Lahadi Rabi ta ce, "Inna, ya ce ki shirya, zai kai ki ki ga wurin." Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Don Allah, Inna. Shi ma ba ya cin abincin."

Muka tafi mu biyu, yana gaba ina baya. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, yana warin tsami. Na naɗe hannuwana cikin mayafi, na rantse a raina ba zan ƙara taɓa komai nasa ba. Ba kowa a wurin, ba Rabi, ba wanda za a faɗa wa ya faɗa mini. Ya yi ta gyaran murya. Can ya ce, "Inna, dubi nan." Tun da na haife shi, ran nan ya fara yi mini magana kai tsaye.

Wani kwano ne na gilashi, da ruwa kore shar kamar an dama ganye. Ya ce ƙarfe ne iri biyu narke a cikin ruwan, ido ba ya ganinsu. Ya maƙala sabon jan ƙarfe a waya ya tsoma, ga wani ƙarfen a ɗaya gefen da tasa wayar. Ya murɗa wani maɓalli, lantarki ya shiga. Ina kallo, ja ya soma dushewa, toka-tokan nan na hawa kansa a hankali kamar hazo na rufe dutse.

"Wannan shi ne aikin, Inna. Jan ƙarfen faifai ne kawai. Abin da ya hau kansa bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Jan ƙarfe ba ruwansa da mayen ƙarfe, amma wannan fatar tana ji. In na ƙara wuta, ta fito da wani hali. In na rage, ko na sauya haɗin ruwan, ta fito da wani. Wata in ta kama jan nan ba ta saki. Wata ta kama yanzu ta saki yanzu. Ni nake zaɓar mata hali tun tana cikin ruwa. Masu ƙera injin lissafi na son wadda za a ce mata riƙe ta riƙe, a ce saki ta saki."

Na ce, ina kallon kwanon, "Kamar tarbiyya ke nan."

Ya ɗan yi murmushi. "Kusan haka. Sai dai goma za ka yi kafin ɗaya ta yi daidai. Waɗancan su ne suka yi daidai, cikin shekara biyu."

"Yanzu fa?"

"Na san hanya yanzu, ba zai kai haka ba. Malamina ya ce shekara guda."

Sai na juyo na dube shi. Na ga ashe yana da furfura biyu-uku a gefen kai, ni ban sani ba. Na ce, "Malam ba zai kai shekara ba."

"Na sani, Inna. In na tafi yanzu, waɗanda suka turo ni ba za su sake turo ni ba. In na zauna..." Ya kashe wutar. Ya ce, "Ki faɗa mini abin da zan yi."

Na ce, "Ni na riga na yi nawa. Wanda ya aiko ni shi zai faɗa."

Ni kaɗai na dawo. Mai Kyanwa ta rako ni bakin ƙofa, ta naɗa mini wani mayafin ulu a wuya, ta riƙe hannuna da nata biyu, hannuwan da muka yi ɓarnar da su. Daga Kano na hau jirgin ƙasa zuwa Gusau, daga Gusau motar katako zuwa Bungudu. Duk tsawon hanyar ina shirya ƙarya. In ce malaminsa ne ya hana, in ce ruwa ne ya ci aikin. Da na shiga ɗaki na ga Malam jingine da bango, ya zama rabin yadda na bar shi, idonsa ya wuce ni yana neman wanda ke bayana, sai ƙaryar ta gudu. Na durƙusa na faɗa masa duka, har tsamiyar, har tokar.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Sun yi haske?"

Na ce, "Malam?"

"Da kin goge su. Sun yi haske?"

"Sun yi."

Ya kama dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya kusa tafiya da shi. Da ya lafa ya share ido ya ce, "Awo. Ai na san hannunki." Ya ce a kira mai rubuta wasiƙa. Abin da ya faɗa kaɗan ne: shi zamna shi ƙare. Ba a barin aiki a wuta a tafi gaisuwa. Kada shi zo mini da rabin abu.

Wasiƙa ta tafi. Daga ran nan kullum bayan azahar sai ya ce, "Zo ki sake faɗa mini ruwan nan." In faɗa masa koren ruwan, da wayoyin, da yadda ja ke dushewa, da wadda ke riƙewa da wadda ke saki. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Wata rana ya ce, "Ba zuga-zugi, ba gawayi, ba guduma. Kai, yaron ga!" Wata rana ya sa aka kira tsofaffin abokan sana'arsa, ya ce in faɗa a gabansu, yana gyara mini inda na tsallake, kamar shi ya je.

Ana saura kwana kaɗan ya ce, "Wai ruwan, da zafi ake tsomawa ko da sanyi?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa ba.

"Kin tai har can ba ki taɓa ba?"

"Na taɓa abin da ya ishe ni, Malam."

Ya ce, "To bari, in ya zo na tambaye shi da kaina."

Ya rasu ana girbin gero. Babanki ya iso da damina ta zagayo, da takardarsa, da ke kina tafiya da ƙafarki. Maza suka kai shi maƙabarta ya dawo. Da la'asar ya zo bakin ƙofata ya durƙusa, kamar kullum, ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango. Na ji yana shirin tashi.

Na ce, "Akwai saƙo. Ya ce ruwan nan naka, da zafi ake tsomawa ko da sanyi?"

Na ji ya koma ya durƙusa.

Ya ce, "Da ɗumi, Inna. Ɗumi-ɗumi."

Na ce, "To."

Sai na ji ya kifa goshinsa a kan dokin ƙofa. Ban juyo ba. Na bar shi ya yi kukansa, ni ma ina nawa, bango na kallona.